Shekarar Kwalabe Masu Suna

Kwanan baya wani malami ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya tare ni a bakin masallaci ya ce, “Baba Sule, wai da gaske ne a zamaninku har mutum guda ake ɗauka aiki don kawai ya gaya wa iyayen yara an yi hutu?” Abokansa suka kwashe da dariya. Ya ɗaga wayarsa ya nuna mini, ya ce shi kafin ya gama shan shayi ya sanar da iyayen ajinsa kaf. Na ce masa madalla, to in ka kira su taro, mutum nawa ke zuwa? Sai ya shiga sosa ƙeya. To ku matso, ku da kuke ganin aikin masinjan makaranta yawo ne a kan keke, in gaya muku abin da ke cikinsa.

An ɗauke ni aiki a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Makarantarmu tana wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ajujuwa uku na bulo da ɗaya na zana, kanal, wato babban magudanar ruwan noma, yana wucewa ta bayanta. Lokacin ruwan noman rani bai daɗe da isowa ba. Mutanen da suka saba in an gama girbi su zauna saƙar zana ko su tafi ci-rani, sai ga su da alkama da tumatir a tsakiyar sanyi. Kowa ya zama mai uzuri. Ka je gidan mutum da safe a ce yana gona, ka je gonar a ce ya tafi neman taki.

Kayan aikina ba su da yawa. Baƙin keke mai kariyar ɗaura kaya a baya, jakar fata da nake rataya wa a kafaɗa, littafin da ake dangwala yatsa in saƙo ya isa, da ɗan gwangwanin tawada. Sai goro biyu ko uku a aljihu, wanda gwamnati ba ta san da shi ba amma ya fi littafin aiki. Takardu kuwa Hedimasta Malam Isa ne ke rubutawa, mutumin Madobi, mai son tsari, mai saurin fushi da saurin hucewa. A watannin farko yakan raba wa yara takardar su kai gida. Ran nan na sayi ƙosai a bakin hanya, aka naɗe mini shi a cikin sanarwar da na shafe yini ina bugawa hatimi. Tun daga ranar na san takarda ba ta kai saƙo, sai an bi ta da ƙafa da baki.

Wanda ya koya mini aikin ba malamin makaranta ba ne. Baba Audu ne, sankiran dagaci, tsoho mai muryar da in ya yi shela a kasuwa har jakuna sai sun waiwaya. Na bi shi wata uku ina tura keke yana tafe a ƙasa, don ya ce mai saƙo ba ya magana daga kan sirdi. Shi ya hana ni fara magana da saƙo kafin in tambayi gona da iyali. Shi ya hana ni faɗa wa uba laifin ɗansa ko ciwon ɗansa a gaban tsaransa. Ya kuma ce duk saƙon da ka san za a yi gardama a kansa, ka fara kai wa wanda zai fi kowa gardamar, shi kaɗai, tun kafin ya ji a bakin wani ya rantse a gaban jama'a. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya dube ni ya ce, “Sule, koma ka sake sallama.”

Dabarar da ni na ƙara da kaina ita ce bin ruwa. Ba kullum ake sakar wa kowa ruwa ba, kowane layin gonaki da ranarsa. Na je wurin mai buɗe ƙofar ruwa na haddace jerin ranakun kamar karatu. Manomi zai iya tsallake suna, zai iya tsallake kasuwar Bunkure, amma ba ya tsallake ranar ruwansa. Don haka in ina neman uban wani yaro ba na tambayar ina gidansa, sai in tambaya yaushe ne ruwansa. Zan same shi a bakin ƙaramin kanal yana jera tiyo, wato lanƙwasassun bututun da ake zuƙo ruwa da su zuwa cikin kunya. Kada ka kuskura ka yi masa magana tiyo bai kama ba. Ka naɗe hannun riga ka kama masa biyu ko uku, in ruwa ya miƙe a cikin alkama ya sauke ajiyar zuciya, a lokacin ko me ka faɗa zai shiga.

Mata kuwa ba ni da hanyar shiga wurinsu, kuma rabin maganar lafiyar yaro a hannunsu take. Nan Iya Gambo ungozoma ta zama ƙafata. Babu gidan da ba ta yanke cibiya ba, babu labulen da ake hana ta ɗagawa. In na gaya mata abu da hantsi, kafin la'asar ya zaga gari, har da ƙarin gishirin da ban sa ba.

Lokacin sanyi shi ne ganiyar aikina. Akwai saƙon an ɗaga lokacin shiga aji saboda yara na zuwa haƙora na kaɗawa. Akwai na roƙon iyaye su daina barin yara suna tahowa da garwashi a gwangwani, bayan wata yarinya ta ƙona zaninta da gefen benci. Akwai na faso da kirci, a shafa musu man kaɗanya. Akwai lissafin yaran da za a yi wa kaciya, tunda a sanyi wanzamai ke yin ta, don kada Hedimasta ya rubuta su a masu gudun makaranta. In ƙyanda ta ɓulla a gida ɗaya, ni ne mai zuwa in ce a riƙe sauran yaran gidan. Sannan babban abin, ranar wasanni, wadda ake yi a tsakiyar sanyi don rana ba ta dukan yara: tseren buhu, langa, tseren tulu a ka, a raba sabulu da fensir. Duk waɗannan na iya su har ina jin kaina. Sai shekarar kwalabe ta zo ta nuna mini matsayina.

Tun da kanal ya zo, tsargiya ta yi yawa a cikin yara. Fitsarin jini ke nan. Da zafi yara wuni suke a cikin ruwan nan, kuma a nan ake ɗaukarta. Mutane ba su ɗauke ta ciwo ba, wasu ma cewa suke alamar yaro ya fara zama namiji ce. Amma mu da muke ganin yaran kullum mun san tana cin su. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Shu'aibu, ɗan aji uku, ɗan Malam Tanko. Yaro ne mai kuzari da surutu, sai ya koma zama a gindin bango, idonsa fari fat, leɓe a bushe, in ya zaga bayan aji sai ya dawo yana dafe da mara. Shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin ubansa. Uban kuwa shi ne babban manomin layin sama, mutumin da in ya ce a'a rabin gari sun ce a'a.

A sanyin shekarar aka turo mana malamin lafiya daga birni, Malam Lawan, saurayi mai farar riga da agogo. Ya ce akwai magani, amma kaɗan ne, makarantun da aka tabbatar da ciwon kaɗai za a ba. Sanyi ne lokacinsa, don yara sun daina wanka a kanal. Ya sauke kwali biyu na ƙananan kwalabe, ya ce a manna wa kowace takarda, a rubuta sunan yaro da na ubansa, yaro ya kawo fitsarinsa jibi. Hedimasta ya ce, “Sule, lokaci ya ƙure, raba wa yara kawai su tafi da su.” Na san ba haka aka koya mini ba. Amma ina ganin ai abin alheri ne, magani kyauta, wa zai ƙi? Na zauna na manna takardu da kyakkyawan rubutuna, na raba, na tafi gida ina fito.

Bayan kwana biyu kwalabe suka dawo cike, babu wadda ta ɓata. Hedimasta har da yi mini jinjina. Malam Lawan ya kafa madubin likita a kan tebur a bakin taga, ya fara dubawa. Ta farko ya ajiye ta gefe. Ta biyu ya ɗaga ta sama ya karkata kai. Ta biyar ya shinshina ya ce, “Wannan ai shayi ne.” Wata kuma warin bunsuru ne ya cika ofis da aka buɗe ta. Wata ruwan kanal ce zalla, har da ɗan talibambam yana iyo a ciki hankalinsa kwance. Waɗanda suke fitsarin mutum ne na gaske kuwa, tas suke, babu ɗigon jini. Na ɗauki ta Shu'aibu na duba, garau kamar ruwan rijiya. Yaron da na san abin da yake zubarwa.

Malam Lawan ya ture kujera ya miƙe. “Malam Isa, ni aka mayar ɗan iska? Na baro makarantu suna roƙo na zo nan. Zan rubuta cewa mutanenku sun ƙi, a kai maganin inda ake so.”

Hedimasta ya juyo kaina ido jawur. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don na san laifin nawa ne, ba na gari ba. Na ce wa Malam Lawan, “Ranka ya daɗe, in ka rubuta haka yaushe za a sake zuwa?”

“Wa ya sani? Baɗi, ko baɗin baɗaɗa.”

Na tuna yaron nan a gindin bango, na san ba shi da baɗin baɗaɗa a jikinsa. Na ce, “Ka ba ni zuwa ranar wasanni. Kwana tara. In ka dawo ka tarar da shayi, ka rubuta da sunana, a kore ni.”

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce dama fitsarin tsakar rana bayan yaro ya yi gudu shi ya fi nuna ciwon, saboda haka zai zo. Amma sau ɗaya.

Na fara da maza, ban sami komai ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce, “Ai mun aiko, Masinja, ko ba ta iso ba?” Ba mai dubana a ido. Kwana biyu suka tafi a banza. Rana ta uku na sami Iya Gambo tana tsinar zogale a ƙofar gidanta, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro.

Ba ta ko taɓa goron ba ta ce, “Kai dai Sule an yi sakarai. Da girmanka da gemunka.”

“Iya, me na yi?”

“Fitsarin ɗan mutum, a cikin kwalba, an toshe, an rubuta sunansa a jiki, a miƙa wa baƙon da ba a san gidansu ba ya tafi da shi. In ba malamin asibiti ne ya ce a yi haka ba, wa ka san yana cewa a kawo masa irin wannan?”

Boka. Abin da mai sammu ke nema ke nan, ba ragi ba ƙari, kuma ni na zauna na rubuta sunayen da hannuna. Tun da aka baje gonaki aka sake rabo saboda ruwa, babu wanda ba shi da abokin gaba a garin nan, wani an ci masa iyaka, wani an ba shi tudu. Kowa yana ganin akwai mai neman bayansa.

Iya ta ce, “Matan nan kwana suka yi suna kuka. Tsofaffi suka ce a zuba nasu, su sun riga sun ci zamaninsu, in abin ya kama su ba asara. Kwalbar Shu'aibu, na kakansa ne a ciki.”

Dariyar da na yi ta shayi da bunsuru sai ta koma mini ciki. Ashe mutane ba raina mu suka yi ba, tare wa 'ya'yansu suka yi da jikinsu.

Na je wurin Baba Audu, lokacin ƙafa ta hana shi fita. Na ce zan sa liman ya yi wa'azi a kan camfi. Ya girgiza kai ya ce, “Kwana shida gare ka, kana so ka cire abin da aka haife su da shi? Ba a aike ka ka gyara musu zuciya ba. Me suke tsoro? Suna a kwalba, da tafiya da ita. To cire sunan, kuma kada ta tafi.”

Washegari na hau keke har inda Malam Lawan yake aiki a wata makaranta wajen Kura. Na ce sharaɗi uku na kawo. Ba suna a jikin kwalba. Uban yaro ne zai riƙe ta tun daga hannun ɗansa har a gama. Kuma shi zai zubar, ya wanke, ya binne da kansa, har ɗigon da aka ɗiba a kan gilashi a wanke a gabansa.

Ya ce, “Kai Masinja, aikin asibiti ne wannan ko wasan yara? In babu suna ta yaya zan san ta wane ce?”

Na ce, “Uban yaro yana tsaye a gabanka riƙe da ita, ɗansa yana gefensa. Wane suna kuma kake nema?”

Ya ce zai ci lokaci. Na ce yinin namu ne. Daga ƙarshe ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa ganin masinja mai kafa wa asibiti doka ba.

Sauran aikin na ƙafa ne. Na kwaso tsofaffin kwalaben nan duka a kwali na ɗaure a kariya, na bi ruwa layi layi. Kowane uba na miƙa masa tasa, na ce ga ta, ba ta je ko'ina ba, kankare sunan da hannunka. Ban ce wa kowa na san abin da ya zuba ba. Na sa Hedimasta ya mayar da ranar wasanni ta faɗa ranar da ake rufe ruwa gaba ɗaya, don kada kowa ya sami uzuri, na aika wa Malam Lawan da sabuwar ranar. Sannan na ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba, jan igiya na iyaye, mutanen layin sama da na layin ƙasa. Su waɗannan dama kullum cikin cacar baki suke, na ƙasa suna cewa na sama na shanye musu ruwa. Na je ƙasa na ce na sama sun ce ko igiyar guga ba za ku iya ja ba. Na je sama na faɗi makamancin haka. Allah ya yafe mini, amma ranar babu wanda ya zauna a gida.

Malam Tanko ya kamata in fara gani, amma ruwansa sai ana jibi wasanni ya zo, kuma ban yarda in same shi a wani wuri ba. Na iske shi da sassafe, sanyi kamar ya tsaga hannu, yana fama da tiyo. Na yi sallama, na naɗe riga na kama masa huɗu. Sai da ruwa ya kai ƙarshen kunya na fito da kwalbarsa na miƙa masa. Ya juya ta ya ga sunan ɗansa, ya sa farce ya kankare shi tas, ya jefa ta aljihu.

Na faɗa masa sharuɗɗan nan uku. Ya saurara har na gama.

Ya ce, “Sule, ɗa nawa gare ka?”

“Biyu, Baba Tanko.”

“Ni na binne maza uku kafin wannan ya tsaya. Kana ganin ban ga yadda ya koma ba? Ni nake jin nishinsa in ya zaga. Na kai shi wurin masu magani har Kumbotso. An ce mini hannu ne, kuma na san mai hannun.”

Na ce, “Ban zo in ce maka ba hannu ba ne, ban sani ba. Na zo in ce akwai abin da ake gani da ido. Ka zo ka duba da naka idon. In ba ka ga komai ba, ka zubar ka tafi da ɗanka, ni kuma ba zan sake tako gonarka da maganar makaranta ba.”

Ya sunkuya ya ci gaba da gyara bakin kunya. Na ja kekena na tafi ban san matsayina ba.

Ranar wasanni filin makaranta ya cika har kan katangar kanal. Aka yi tseren buhu, aka yi langa, wata yarinya ta fasa tulu ta zauna tana kuka aka ba ta sabulu duk da haka. Aka zo jan igiya, dattawa suka tuɓe manyan riguna, layin ƙasa suka ja na sama har cikin kwata, ihu kamar gari zai tashi. Rana ta take tsaka, yara sun yi gumi. Malam Lawan ya kafa teburinsa a gindin darbejiya, ga madubi, ga sikeli, ga bokitin ruwan sabulu, ga rami na haƙa a gefe. Na tsaya na yi shela irin ta Baba Audu, na ce sababbin kwalabe ga su, babu suna, mai so ya zo da ɗansa.

Babu wanda ya taso. Filin da yanzu ake ihu ya koma kamar an yi mutuwa. Kowa yana kallon ƙasa, yana satar kallon inda Malam Tanko yake zaune yana kakkaɓe rigarsa. Malam Lawan ya dubi agogo. Hedimasta ya dube ni. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai.

Can sai Malam Tanko ya miƙe. Bai dubi kowa ba, ya kama hannun Shu'aibu, ya zo ya zaɓi kwalba da kansa daga ƙasan kwali, ba ta sama ba. Suka zaga bayan aji. Da suka dawo ya rufe ta da hannun rigarsa, sai a gaban tebur ya buɗe. Ja ce kamar ruwan zoɓo. Malam Lawan ya ce ya riƙe ta tsaye kada ya girgiza har ta kwanta. Mutumin nan ya tsaya ƙyam a rana, jama'a na kallonsa, hannunsa ko rawa bai yi ba. Sannan aka zuƙo ɗigo ɗaya daga ƙasa aka ɗora a gilashi.

Malam Lawan ya leƙa, ya juya wani abu, ya ja da baya. “Bismillah, Baba. Rufe ido ɗaya.”

Malam Tanko ya sunkuya, kwalba na hannunsa na hagu. Ya daɗe. Ya ce, “Ina ganin wasu abubuwa kamar 'ya'yan guna, kowanne da ƙaya a gindi.”

“Ƙwai ne. Ƙayar nan ita ke yankar masa mara. Dakata ka gani.” Ya ɗiga ruwa kaɗan a kai, muka jira. Ya sake leƙawa, ya ce Baba ya duba.

Sai muka ga dattijo ya zabura ya ja da baya. “La ilaha illallahu! Ya fashe! Yana gudu!” Ya sake leƙawa. Ya ɗago ya dubi ɗansa, ya dubi Malam Lawan. “Wannan abin a cikin yaron nan yake?”

“Shi da 'yan'uwansa masu yawa. Daga ruwa suke shiga. Kuma ga maganinsu a akwati.”

Malam Tanko ya je bakin rami ya zubar, ya wanke kwalba, ya karɓi gilashin ya wanke da kansa, ya tura ƙasa da ƙafa ya taka. Sannan ya juya ga jama'a, da muryar da yake kiran leburori daga ƙarshen gona. “Kai Mamman! Kai Ɗanjuma! Me kuke jira? Abu mai rai ne, na gan shi da idona! Ku kawo yaranku!”

Ban taɓa ganin layi irin na ranar ba. Dattawa riƙe da kwalabe a tsaye a rana kamar masu jiran sallar idi, kowa yana kare tasa da hannu, kowa sai ya leƙa madubi ya yi salati. Iya Gambo ta tattaro 'yan mata ta zaga da su ta wani gefen. Kwalabe suka ƙare aka koma wankewa ana sakewa. Malam Lawan ya cire agogon ya sa a aljihu. Aka auna kowane yaro a sikeli aka ƙirga masa ƙwayoyinsa. Bai tashi ba sai da rana ta yi ja, kuma akwatin maganin da ya ce zai kai wani wuri, a makarantarmu ya zazzage shi.

Kada ku ce aiki ya ƙare a nan. Maganin yana sa jiri da amai, kuma yana sa fitsari ya ƙara duhu kafin ya washe. Da ban riga na faɗa ba, da rana ta biyu an watsar da ƙwayoyin a kanal an ce ga sammun ya fara. Don haka tun a filin na faɗa, na sake bi layi layi na faɗa, Iya ta shiga ɗaki ɗaki ta faɗa. Mako guda ina zagaye ina tambayar wa ya sha, wa ya amayar. Gidan Malam Tanko kullum amsa ɗaya ake aiko mini daga zaure: yana sha, amma har yanzu da duhu. Aka gama ƙwayoyi, aka ƙara mako, aka ƙara wani. Na daina tambaya don kada in zama mai fama masa ciwo.

Ran nan da hantsi ina tafe a kan katangar kanal zan kai sanarwar hutu, ba ma layinsa zan je ba, sai na ji ana ƙwala mini kira. “Masinja! Kai Sule!” Na waiga na ga Malam Tanko ya bar tiyo yana zuba a banza, ya ratso cikin alkama da gudu, babban mutum, taɓo har gwiwa. Na diro daga keke, na ce shi ke nan, wani abu ya sami yaron.

Ya iso yana haki, ya kama kan kekena da hannu biyu.

“Yau da asuba na bi shi bayan gida da kaina,” in ji shi. “Na tsaya na gani.”

Na ce, “To, Baba?”

“Fari ne, Sule. Wallahi fari tas.”